Jinin Da Aka Ƙara Wa Gwaggo Zalika

Da ƙafarta Gwaggo Zalika ta shiga asibiti, amma ba da ƙarfinta ba. Kadidiya, matar ɗan wanta Almustafa, ce ta riƙo ta tun daga bakin ƙofa har gadon ƙarshe na ɗakin mata, wanda ke jikin taga. Ta ajiye mata buta da ƙwaryar fura a ƙarƙashin gado, ta ce bari ta je ta duba tukunya ta dawo. Tukunyar nan kuwa, Allah shi ne shaida, ba ta nuna ba sai washegari da hantsi.

Ba a daɗe da sauke tutar Nasara a Tawa ba a lokacin, kuma ruwan shuka ya sauka a makon, duk mai hannu biyu yana gona. Asibitin ba yawan ma'aikata, lokotoro, wato likita, ɗaya ne, wani dogon mutum baƙo da bai iya Hausa ba. Ya ja fatar idon Zalika ƙasa, ya juya tafin hannunta, ya ga fari fat, ya girgiza kai. Ya yi magana da Faransanci, mai jinyar ɗakin mata ta juya mata. Sunanta Madam Aminata, 'yar Damagaram ce, gajeriya mai saurin tafiya da saurin baki.

"Inna, jininki ya kusa ƙarewa. Ciwon cikin nan ya daɗe yana zubar miki da shi a ɓoye. Za mu ba ki magani, amma magani ba ya kama jikin da babu jini. Sai an ƙara miki."

"A ƙara mini? Daga ina hwa, ɗiyata?"

"Daga jikin naki. Ba mu da wurin ajiye jini a nan. Dangin mai ciwo ke zuwa a gwada su, wanda nasa ya dace a ɗiba, a sa masa tun da ɗuminsa. Kina da 'ya'ya?"

Zalika ba ta taɓa haihuwa ba, aurenta ma ya daɗe da mutuwa. Amma tun shekarar da sanƙarau ya kwashe wanta da matarsa, ita ta goyi Almustafa da ƙanensa Yunusu, a bayanta suka yi wayo, a hannunta suka yi aure. Ta ɗaga kai ta ce, "Ina da ɗiya maza biyu, manya. Ɗaya shina da gonaki da shanu, ɗaya komi ne, mai rubutu a ofishin kumandan."

"To, madalla," in ji Madam Aminata. "A ce su zo gobe da safe."

Yunusu ne ya fara zuwa, shi ma sai da aka kwana biyu. Ya shigo cikin wando da kwat, da alƙalami a aljihu, ya tsaya daga ƙafar gado da hankici a hanci. Ya gaishe ta a gurguje, sannan ya juya ga Madam Aminata suka yi ta Faransanci a kanta, ita tana kwance tana bin bakinsu da ido. Madam ta huda masa yatsa, ta ɗiga jinin a kan wani farin faranti, ta ɗora ruwan gwaji daga wasu 'yan kwalabe, ta jujjuya. Ta ce nasa bai dace ba.

Kai, mutum bai iya ɓoye murna ba! Yunusu ya yi ƙoƙari, ya ɓata fuska, ya ce, "Ash! Wallahi Gwaggo na so ƙwarai." Amma Zalika ta san fuskar nan tun tana wanke mata majina, ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Ya duba agogo, ya ce kumandan na jira, ya fita yana tsotson yatsa.

"Jini ba duka ɗaya ba ne?" Zalika ta tambaya bayan ya tafi.

"A ido ne kawai, Inna. Iri-iri ne. In aka zuba wa mutum wanda ba irin nasa ba, faɗa suke yi a cikin jiki, har ya kai ga rasa rai. Shi ya sa muke gwadawa." Ta ɗaga kwalbar ruwan gwajin ga hasken taga, ta yi tsaki. "Ga shi daga Yamai ake aiko mana, ya kusa ƙarewa. Sau ɗaya muke iya gwada kowa yanzu. Ki aika wa babban ya zo."

Babban bai zo ba, sai saƙonsa. Kullum Kadidiya ta shigo da fura sai ta shigo da sabon uzuri, ta ajiye su tare. Yau Maigida ya tafi Barmu duba shuka. Gobe ana kasuwar shanu, ba ya iya bar wa dillalai su cuce shi. Jibi ya tashi da ciwon kai, ai ba a ɗiban jinin mai ciwon kai. Ba ta ko zama, a tsaye take faɗa, idonta na kan ƙofa. Ta ce yara na gida ba mai dubawa, kuma tunda Gwaggo ta kwanta daka da surfe duk sun dawo kanta, ita kaɗai, hannunta har ya yi kanta. Zalika ce ma ke ba ta haƙuri.

A gadon da ke kusa akwai wata mata daga Bambai wadda ta zubar da jini wurin haihuwa. Ita kam danginta sun cika baranda, sun kafa murhu a gindin itacen bedi, ana ta shiga ana fita. Ran da aka ce tana son jini, mijinta da ƙannenta maza har gardama suka yi kan wa zai fara miƙa yatsa. Mijin ya shigo daga baya yana dariya, ya nuna wa matarsa gwiwar hannunsa, wurin ya yi baƙi-baƙi da 'yar huda a tsakiya. Zalika ta kalla, ta juya fuska ga bango.

Mutanen Bambai ɗin na kirki ne, in sun yi tuwo sai sun zubo mata. Surukar matar ta tambaye ta wata rana, "Ke kuwa Inna, naki ba su garin ne?"

"Suna nan. Shuka ta riƙe su. Gobe za su zo."

Ta faɗi goben nan har ta ji kunyar bakinta. Daga baya in ta ga an nufo ta da hira sai ta rufe ido kamar mai barci. Ta taga tana hangen bakin ƙofar asibiti, duk mai babbar riga da ya ɓullo sai ta ɗago kai, ya matso ta ga ba Almustafa ba ne. Kaɗaici ya ishe ta, wanda ba ta taɓa sani ba ko ranar da ta bar gidan miji.

Jiki kuwa sai ja da baya yake yi. Da farko tana iya zuwa bayan gida da kanta tana dafa bango. Sannan sai an riƙe ta. Sannan ko zama ta yi sai ɗakin ya juya, ta riƙa jin bugun zuciyarta cikin kunne, dum, dum, ba hutawa. Ƙafafu suka kumbura. Sallah ta koma yi a kwance. Matar da ta yi wa gidansu Almustafa daka tun kafin a haifi Kadidiya, yanzu ludayi ya fi ƙarfin hannunta.

Madam Aminata dai ta ƙule. Ta tare Kadidiya a bakin ƙofa, ba ta ko rage murya ba. "Ki gaya wa mijinki, in gobe bai zo ba, ni zan zo ƙofar gidansa bayan sallar La'asar, lokacin da mutane suka taru, in faɗa masa a gabansu. Ni baƙuwa ce, ba na jin kunyar kowa a garin nan."

Abin da tausayi bai yi ba, tsoron abin faɗa ya yi. Washegari sai ga Almustafa, babbar riga shuɗiya, rawani da amawali ya ja shi har ƙarƙashin ido, yadda manyan Adar ke yi. Ya durƙusa gaban gado, ya ce, "Gwaggo, ya jiki? Wallahi ayyuka ne sunka yi mini yawa." Ita ko murna ta hana ta jin sauran, sai shafa masa riga take yi tana cewa ba komai, ba komai.

Ya miƙa yatsa, ya kau da kai. Madam ta ɗiga, ta jujjuya farantin, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi! Naka ya dace da nata. Mu je a ɗiba."

"Kamar nawa za a ɗiba?"

Ta ɗauko kwalbar ta nuna masa. Idanun da ke tsakanin rawani da amawali suka fito waje.

"Wagga duka? Daga jikin mutum guda?"

"Ba abin da zai same ka. Ka sha fura, ka huta yini ɗaya, shi ke nan."

Ya ce yau bai karya ba, kuma akwai baƙi na jiransa, a bari sai gobe da sassafe. Madam ba ta so ba, amma ba a ɗaure mutum a ɗebi jininsa. Ta ce ya je ɓangaren maza, akwai ma'aikacin da ke ɗiba, ya faɗi sunansa kawai, za ta bar masa sallahu. Ranar Zalika ta sha fura fiye da kullum. Ta juya ga matar Bambai da kanta ta ce, "Kin ga ɗan nawa? Nashi ya dace."

To, ga abin da ya faru a zauren Almustafa da maraicen nan, wanda Zalika ba ta gani ba. Abokan hirarsa suka sa shi tsakiya. Wannan ya ce duk wanda aka zuƙe wa jini ba ya sake ɗaga kalme ya yi noma. Wancan ya ce ya san wani a Kwanni da aka ɗebi nasa, tun daga nan matarsa ba ta sake haihuwa ba. Kadidiya ta aiko daga cikin gida a tuna masa shi kaɗai suke da shi, ita kuwa Gwaggo ta ci zamaninta. Yunusu na zaune a wurin. Yunusun da ya yi lakkwal, makarantar Nasara, wanda aka yi wa bayanin jini da Faransanci tiryan-tiryan! Ya buɗe baki? Ina! Ya ce shi dai an gwada shi bai dace ba, ba ruwansa.

Ana cikin haka sai ga Rissa ya yi sallama. Makiyayin shanun gidan ne, mutumin wajen Takanamat, Hausarsa ba ta gama nuna ba. Ya zo karɓar hatsi da gishiri kafin ya kora shanu arewa. Almustafa ya dube shi sama da ƙasa, ya ga tsayinsu ɗaya. Ya ce, "Jini ai jini ne, duk ja ne. Wanga ma nono yake sha dare da rana, nashi ya hi nawa kyau." Mutanen zaure suka ce wallahi gaskiya ne, an ma yi wa tsohuwa gata.

Rissa tambaya ɗaya ya yi: "Don Gwaggo?" Aka ce don ita. Ya ce to. Duk sanda ya shigo gari ita ke ajiye masa fura a inuwar rumbu, ba ta taɓa ba shi ragowar wani ba. Da safe aka sa masa shuɗiyar riga, aka naɗa masa rawanin maigida, aka ja amawali. Aka ce in an kira Almustafa ya amsa, kada ya ƙara kalma ɗaya. Ma'aikacin ɓangaren maza bai san fuskar kowa ba, kuma wa zai ce wa babban mutum ya sauke amawali? Ya ɗiba, ya manna takarda a jikin kwalba da sunan da aka ba shi.

Da hantsi Madam Aminata ta shigo da kwalbar a rungume. Ta rataye ta a jikin ƙarfe, ta karanta sunan, ta sa wa Zalika ma'aunin zafi a hammata, ta riƙe wuyan hannunta tana duban agogo. Ta nemi jijiya da ƙyar, ta sa allura, ta daidaita ɗigon a hankali ƙwarai. Sannan ta jawo kujera ta zauna, don ba ta taɓa sa wa mutum jini ta tashi nan take ba.

"Inna, ki saurare ni da kyau. In kika ji sanyi, ko bayanki ya riƙe, ko ƙirji ya yi nauyi, ko hannun nan ya ɗau zafi, ki faɗa mini nan take. Ko kaɗan ne. Yau ba na son dauriya, kin ji?"

"Na ji, ɗiyata."

Zalika ta zuba wa kwalbar ido. Jinin ɗanta ne ke saukowa, ɗigo bayan ɗigo, yana shiga jikinta. Ita da aka yi wa gorin haihuwa shekara da shekaru, yau ga shi jini ɗaya zai gudana a jikinta da na Almustafa. Hawaye ya gangaro mata cikin kunne, na daɗi.

Ba a jima ba hannun ya fara zafi, zafin ya bi jijiya ya hau kafaɗa. Sai kuma bayanta, can ƙasa, kamar an sauke mata taɓarya. Sanyi ya taso daga cikin ƙashi. Ta gane sarai, su ne abubuwan da aka lissafa mata yanzun nan. Amma ta ce a ranta, yaron nan ya danne tsoronsa ya ba da jininsa, ni kuma in buɗe baki in ce yana mini ciwo? A cire, a zubar, a gaban mutanen Bambai? A je a faɗa masa Gwaggo ta ƙi jininka? Ita da ta taso inda mace ke naƙuda ba a ji muryarta a bayan darni ba.

"Kina jin wani abu?"

"Lahiya lau."

Madam ta taɓa wuyan hannun. Yana bugawa da sauri, amma kwana da kwanaki haka yake bugawa. Ta dubi fuskarta, Zalika ta ja mayafi ta rufe baki, ta cije bakinsa da haƙora.

"Inna, kin tabbata?"

Ta gyaɗa kai.

Can aka ɗauki ihu a waje, an kawo wata mai naƙuda a kan raƙumi, jariri ya zo a gicciye, ga ungozoma ba ta nan. Madam ta sake tambaya, ta sake jin lahiya lau. Ta ɗan ƙara ɗigon, ta ce wa matar Bambai ta sa ido, in ta ga wani abu ta yi kira, ta fita da gudu.

Ƙarar gadon ƙarfe ce ta tona asirin. Rawar jiki ta ƙwace wa Zalika, gado ya kama kaɗawa, haƙora na haɗuwa kaf-kaf-kaf. Matar Bambai ta kurma ihu. Madam ta faɗo ɗakin hannunta duk jini, ta matse robar da jinin ke bi, ta cire kwalbar, ta rataya ta ruwan gishiri, tana ƙwala wa lokotoro kira. Ta ɗaga kwalbar ta duba, rabi ya riga ya shiga. Fitsarin da Zalika ta yi bayan nan ja ne baƙi-baƙi, kamar jiƙon soɓo.

Da abin ya lafa, Madam ta tsuguna gaban gado cikin takaici. "Tun yaushe kika fara ji?"

"Tun hwarko."

"Inna! Don Allah me ya sa? Ban roƙe ki ba?"

"Jinin ɗana ne, ɗiyata. Ƙaƙa zan ce shina cutata?"

Madam Aminata ta ɗauki kwalbar ta fita. Ɗan ruwan gwajin da ya rage, wanda take tattali kamar ranta, ta ƙarar da shi a kan ragowar jinin. Ta dawo fuska a murtuke. "Wannan ba jinin da na gwada jiya ba ne. Na wani ne daban."

"A'a. Kin dai ruɗe."

"Ban ruɗe ba, Inna."

"Na ce maki kin ruɗe!" Ta faɗa da ƙarfin da ba a san tana da shi ba, ta juya baya.

Daga ranar fitsari ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Fuska ta kumbura, ido ya yi ɗorawa, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Shaƙuwa ta kama ta ba saki. Lokotoro ya ce ƙoda ce ta tsaya, ba shi da abin tayar da ita, sai dai a jira ko za ta tashi da kanta. Madam na auna mata ruwan sha da cokali, tana goge mata leɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, tana juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Daga gida kuwa ko furar ma ta fara tsallake rana.

Sai da labari ya bazu cewa tsohuwa na bakin tafiya sannan Almustafa ya zo, da mutum uku a bayansa. Ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa, a gwiwar hannunsa ga wani farin ƙyalle ɗaure, tas da shi, don kowa ya gani. Madam ta tare shi a baranda ta tambaye shi wa ya turo. Ya ɗaga murya. "Madam, ke da bakinki kinka ce nawa ya dace. In kun yi kuskurenku, kada ku laƙa mini!" Mutanensa suka ce ƙwarai kuwa.

Zalika na ji daga ciki. Da ya shigo ta ce sauran su ba su wuri. Ta ce, "Matso, ɗan Gwaggo. Kawo hannun in sa mishi albarka."

Ya yi turus, amma ba yadda zai yi. Ta riƙe hannun da nata biyu masu kumburi, ta cusa yatsa ƙarƙashin ƙyallen, ta ture shi sama. Ta shafa, ta kawo shi kusa da ido. Fata sumul, ba huda, ba tabo. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ka aiko?"

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Rissa ne. Gwaggo, wallahi alheri nika nuhi. Nashi ya hi ƙarhi, kowa ya ce haka. Ga noma ya kama, in na kwanta wa za shi riƙe gidan? Ke ma ba ki so in kwanta. Kuma abin ga ai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ko jinin wa anka sa..."

Ba ta zage shi ba. Da ma ta zage shi! Ta jawo ƙyallen da kanta ta mayar masa inda yake, ta saki hannun. Ta ce, "Tahi, noma na jiranka."

Washegari mata suka fara zuwa dubiya, waɗanda duk kwanakin nan ba a ga ƙeyarsu ba. Suka zagaye gadon da ba su taɓa zama kusa da shi ba. Kowace ta buɗe baki sai, "Allah shi yi wa Almustafa albarka. Ɗan da ka haifa ma bai yin haka. Jininshi hwa ya ba ki, Gwaggo!" Zalika na kwance tana kallon rufi, suna jiran ta ce amin, ba ta ce ba. Suka ce ciwo ne ya ɗauke mata baki.

Da suka watse ta riƙe zanen Kadidiya. "Kira mini Rissa."

"Rissa? Ai ya kai arewa da shanu tuni." Ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya, kamar mai ba da labarin dabara. "Maigida ya gaya mishi jininshi ne bai da kyau, shi ya jawo wanga abu, in bai bar gari ba sojan kumandan za su kama shi. Shina kuka ya tahi. Ko hatsin bai tsaya ɗauka ba."

Nan ne Zalika ta yi kukan da ba ta yi ba ranar kwalba. Ba sauti, ƙirji kawai ke ɗagawa. Kadidiya ta ce yara na jira, ta zare zanenta ta fita.

Da Madam Aminata ta zo juya ta, Zalika ta kama hannunta. "Ɗiyata, in wani makiyayi ya zo nan, Rissa sunanshi, dogo, ki ce mishi Gwaggo ta gode. Ki ce mishi jininshi lahiya lau yake, ba irin nawa ba ne kawai. Ki yi mishi bayani yadda kinka yi mini."

"Zan faɗa masa, Inna."

Zalika ta cika da Azahar, ana yayyafi, kowa na gona. Matar Bambai ce ta sauko daga gadonta da jariri a hannu ta laƙana mata kalmar shahada, Madam Aminata ta rufe mata ido.

Saƙon bai isa ba. Madam ta tambayi duk makiyayin da ya shigo asibitin har damina ta fita, wasu suka ce sun san shi, sun gan shi a wata rijiya can arewa, ba ya zama cikin mutane, ba ya bari kowa ya sha a ƙwaryarsa, wai jikinsa na da dafi. Shanun ma wani ya aiko ya maido su. Ita Madam kuwa tun daga ranar ba a sake ɗiban jini don ɗakinta ba sai ta tsaya da kanta, ta ce a sauke amawali ta ga fuska. Manyan gari suka ce ba ta da tarbiyya.

Zaman makoki kam an yi shi na gani na faɗa. An shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, Yunusu ya zo da abokan aikinsa na ofis, Kadidiya ta fi kowa kuka. Matar da ta rasa mai zama kusa da ita tana da rai, ta samu mutum ɗari ranar da ba ta bukatarsu. Almustafa na tsakiya, hannun riga a kafaɗa. Wani dattijo daga Barmu ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Ka yi haƙuri. Kai dai ka hita hakkinta, har jinin jikinka ka ba ta. Allah shi ba ka ɗiyan da za su yi maka yadda ka yi mata."

Almustafa ya sunkuyar da kai, ya gyara ɗaurin ƙyallen, ya ce, "Amin."